Bayan Ƙofar Atiku Ma Sakkwato Ce: Kira ga Manazarta Hausa Su Shiga Motar Haya

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zuwa Sakkwato taron ƙara wa juna sani, ko aka gayyato shi jarraba ɗaliban babban digiri, ya san zagayen da akan kai baƙo. Akan ɗauko shi daga masauki cikin motar jami'a, a biya da shi ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, a nuna masa Masallacin Bello da Masallacin Shehu, a tsaya Hubbare ya yi ziyara, in da sauran lokaci a leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. Daga nan sai a mayar da shi masauki, gilashi a rufe, na'urar sanyi tana aiki. Idan ya koma gida yakan ce ya ga Sakkwato, kuma bai yi ƙarya ba, domin waɗannan wurare su ne cibiyar birnin da tushen darajarsa. Sai dai mafi yawan mutanen da ke kwana su tashi a Sakkwato a yau ba a kewayen fada suke zaune ba. Suna Mabera da Gagi da Arkilla da Runjin Sambo da Gidan Igwai da Minannata da Kwannawa, unguwannin da motar baƙi ba ta cika ratsawa ba.

Nazarin Hausa, a yadda yake kallon Sakkwato, ya ɗauki ɗabi'ar wannan baƙo. An yi aiki mai nauyi a kan rubuce-rubucen masu jihadi, da waƙoƙin ƙarni na 19, da makaɗan fada, da sarautun gargajiya, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Ba a kuma rasa kundayen digiri da suka taɓo rayuwar talakan birni ba. Amma idan aka auna su da abin da aka rubuta a kan cikin ganuwa, sai a tarar da rinjaye mai yawa. Ra'ayin wannan tsokaci shi ne, lokaci ya yi da manazarcin Hausa zai ajiye motarsa, ya tsaya bakin titi a Ƙofar Atiku, ya tari abin hawan da talaka ke hawa, ya bi shi har inda hanya ta ƙare. A can ne ake ƙera Hausar Sakkwato ta gobe, a can ne kuma wani ɓangare na tarihinta ke salwanta ba tare da an rubuta shi ba.

Ƙofar da Ta Koma Tsakiyar Gari

Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a matsayin mazaunin mulki a shekarar 1809, aka kuma zagaye ta da ganuwa. Ƙofofi takwas ne suka shahara a bakin jama'a: Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Marke, Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya. Baturen nan Kilafaton, wanda ya iso birnin a 1824, ya tarar ana rufe ƙofofin da faɗuwar rana. A wancan zamani ƙofa iyaka ce ta gaske: wanda ke ciki ɗan birni ne, wanda ke waje kuwa sai ya jira wayewar gari. Ƙofar Atiku, da ke ɓangaren kudu, tana ɗauke da sunan Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya riƙi sarautar Musulmi daga 1837 zuwa 1842. A wannan ɓangare na kudu, bayan ganuwa, fagen Giginya yake, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta gwabza da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903.

Wanda ya tsaya Ƙofar Atiku a yau ba zai ji yana bakin gari ba. Gidaje da shaguna da tituna sun shafe tazarar da ke tsakanin ciki da waje, kuma fagen da aka yi yaƙi ya daɗe da zama gari. Sunan Giginya ya wanzu a jikin filin wasa da barikin soja da makaranta, har ɗan yau na iya faɗarsa sau goma a yini bai tuna da itacen ko yaƙin ba. Ke nan ƙofar da a da take nuna ƙarshen Sakkwato ta koma tsakiyarta, alhali taswirar da ke cikin zukatan manazarta ba ta matsa tare da ita ba.

Abin lura shi ne, bunƙasa ta gefe tsohuwar ɗabi'ar birnin ce. Lokacin da Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, sashen da ya sauka sabon sashe ne, shi ya sa ake kiransa Sabon Birni har yau. Bello da kansa bai killace kansa cikin ganuwa ba. Ya kafa ribaɗoɗi, ya zauna Wurno, a can ya rasu a 1837. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gina tsarin 'Yan Taru ne a kan zirga-zirgar jajoji da ke kawo mata matan ƙauyuka su koma da karatu. Waɗanda suka kafa birnin sun ɗauki kewayensa a matsayin ɓangare na aikinsu. Mai nazarin da ya taƙaita ga cikin ganuwa ya ƙuntata abin da su suka faɗaɗa.

Birnin da Hanyar Mota Ta Raina

Akwai dalili na musamman da ya sa abin hawan haya ya zama mabuɗin sanin Sakkwato. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya sauya fasalinta, ya jawo unguwannin baƙi kusa da tasha. Layin da ya nufo yamma kuwa ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa isowa Sakkwato ba. Saboda haka birnin ya miƙe ne bisa hanyoyin mota: ta Gusau, ta Birnin Kabi, ta Illela, ta Wurno, da ta Boɗinga. Kowane sabon dalilin zama ya haifar da unguwa a bakin ɗaya daga cikinsu. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, ya tara leburori da direbobin manyan motoci da masu sayar musu da abinci. A wannan shekarar ce Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, sannan ta zama ta Jihar Sakkwato a 1976, abin da ya kawo ma'aikata daga sassa daban-daban da gidajen da aka gina musu. Jami'ar da aka kafa a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta ja birnin zuwa Dundaye, hayin gulbin Rima.

Sakamakon haka, Sakkwato ta yau ta zarce ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ta shiga ƙasar Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Arkilla da Kalambaina da Dundaye a takarda ƙasar Wamakko ce, amma babu mazauninsu da zai ce shi ba a Sakkwato yake ba. Abin da ya ɗinke waɗannan sassa ya mayar da su gari ɗaya shi ne ɗan kabu-kabu, da mai keke mai ƙafa uku, da ƙananan motocin haya. Al'ummar jami'a ta ɗanɗani wannan gaskiya a watan Satumba na 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar da ta bi ta Kwalkwalawa, malamai da ɗalibai da mutanen ƙauyukan hayi suka koma neman kwalekwale. Ranar da hanya ta yanke aka gane cewa mazaunin jami'a da ƙauyukan da ke kewaye da shi igiya ɗaya ce ta ɗaure su da birni.

Taskar Sunaye a Bakin Ɗan Kabu-kabu

Fa'ida ta farko da manazarci zai samu ita ce ta sunayen wurare. Hukuma ta raɗa wa manyan tituna sunayen Ahmadu Bello da Sarkin Musulmi Abubakar da Sarki Yahaya, an kafa alluna. Amma idan fasinja ya tsayar da babur, aka ce masa, "Malam, ina za ka?", ba lambar gida yake faɗa ba. Yakan ambaci masallaci, ko gidan mai, ko rijiya, ko itacen da aka sare tun kafin a haifi mai babur ɗin. Ɗan kabu-kabu kuwa ya gane nan take. A cikin kansa akwai taswirar da babu irinta a ofishin safiyo, kuma da ita gari ke aiki.

Wannan taswira tana da hawa-hawa kamar rijiyar da aka gina a zamuna daban-daban. A ƙasan akwai sunayen itatuwa: marke da taramniya da kaɗe a jikin ƙofofi, giginya a fagen yaƙi, ɗorawa a Rijiyar Ɗorawa, gawo a Gawon Nama. Mai nazarin muhalli zai iya karanta irin dajin da ya kewaye birnin daga waɗannan sunaye kaɗai. Sai sunayen mutane da gidaje, irin Gidadawa, mazaunin zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Sai na sana'o'i, irin Marina da Majema, masu tuna rini da jima, sana'o'in da suka kai fatar jar akuyar Sakkwato har ƙetaren hamada. Sai kuma suna irin Runjin Sambo, wanda ke ɗauke da kalmar runji, wato mazaunin bayi masu noma gandun ubangidansu. Unguwa ce babba a yau, cike da ɗalibai da ma'aikata, kuma kaɗan ne daga cikin masu ambaton sunanta suka san irin tarihin zamantakewar da ke kwance a cikinsa. A saman duka akwai sunayen zamani da aka aro daga Ingilishi aka hausantar: lokos, kwatas, leyawut, baifas. Hatta kalmar shiyya, wadda Basakkwace ke amfani da ita inda Bakano zai ce unguwa, abin bibiya ce: a wane sashe take raye, a wane sashe kuma unguwa ta ture ta?

Abin da ke cikin haɗari a nan a bayyane yake. Sunan da ba a rubuta ba yana rayuwa ne muddin akwai mai faɗarsa. Idan aka yanka gona aka mayar da ita filaye, aka kafa allo da sunan wani mai mulki, tsohon sunan kan yi shekaru yana jayayya da sabon a bakin masu haya, daga bisani ya faɗi. Dattijon da ya san dalilin sunan shi ma ba dawwama zai yi ba. Littafin da ke cikin gidan tarihi zai jira manazarci shekara hamsin; tsohon da ke zaune gindin bango a Gagi ba zai jira ba.

Sakkwatanci a Kan Hanya

Fa'ida ta biyu ta harshe ce. Tun ƙamusun Bargery na 1934 ake nuna kalmomin da suka keɓanta da Sakkwato, kuma siffofin karin sanannu ne ga kowane ɗalibin fannin: motag ga a maimakon motar nan, munka tahi a maimakon muka tafi, shi na da ita ta a maimakon shi ne da ita ce, gida nai a maimakon gidansa, hwara a maimakon fara. Matsalar ita ce yadda ake koyar da waɗannan siffofi kamar jeri ne tsayayye, alhali daidaitacciyar Hausa da aka gina bisa Kananci tana shigowa kullum ta makaranta da rediyo da finafinan Kano da wayar hannu. Tambayoyin da suka dace da wannan zamani su ne: wace siffa ce ta fi saurin faɗuwa, wace ce ta fi taurin kai? Yaron da aka haifa a gidajen ma'aikata na Arkilla yana cewa anka ko aka? Budurwar Mabera tana sauya kari idan ta gane abokiyar zamanta Bakanuwa ce? Wa ke jin kunyar karinsa, wa ke alfahari da shi?

Ba a samun amsar irin waɗannan tambayoyi ta hanyar zaunar da mutum a ofis a miƙa masa jerin kalmomi, domin da zarar ya ga malami da biro sai ya gyara bakinsa. Masanin walwalar harshe Wiliyam Labob ya fahimci haka, shi ya sa a binciken da ya wallafa a 1966 a kan Ingilishin birnin Niyok ya shiga manyan kantuna yana yi wa masu jiran kaya tambayar da za ta sa su furta abin da yake nema ba tare da sun tsargu ba. Motar haya ta fi kanti dacewa da wannan aiki. A cikinta ake ciniki da gardama da ba'a da jaje. A nan ake jin yaron mota na cewa, "Wa ad da canji?", a ji tsohuwa na ce wa direba, "Ɗana, tsaya nan in sabka," a ji Bagobiri da Bayarabe, ko Bazabarme da Ba'adare, suna neman kalmar da za su haɗu a kanta. Mutumin da ya ƙetaro daga Ƙonni ta Illela yana zuwa da lakwal da mushe, kalmomin da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, ya zauna kusa da wanda bai taɓa jin su ba. Hatta sunayen abin hawan darasi ne: babur ɗin hayar da Kano ta sani da acaɓa, Sakkwato da Nijar kabu-kabu suke ce masa, keken da ya yi suna a Kano da A Daidaita Sahu, wasu agwagwa da buje suke kiransa.

Akwai kuma wani sabon yanayi mai ban tausayi da ya ƙara wa lamarin gaggawa. Ta'addancin 'yan bindiga a gabashin jihar ya koro jama'a daga ƙasashen Isa da Sabon Birnin Gobir da Rabah da Goronyo, da yawansu sun fake a gefen birni, cikin kangaye da gidajen 'yan'uwa. Sun zo da karinsu, da tatsuniyoyinsu, da waƙoƙin daka da na niƙa, da labarin abin da ya same su, da sababbin kalmomin da tashin hankali ya haifar. 'Ya'yansu za su tashi da bakin birni. Idan ba a saurari iyayen yanzu ba, za a wayi gari ana neman Gobirancin ƙauye a inda babu sauran ƙauyen. Waɗannan bayin Allah ba a samunsu a kewayen fada sai in bara ta kai su. Mazauninsu yana ƙarshen hanya, inda mai keke ke juyawa.

Dalilin Fifita Motar Haya

Mai karatu na iya cewa, ai malami na da ikon tuƙa motarsa zuwa kowace unguwa ya yi bincikensa. Haka ne, amma akwai bambanci uku. Na farko, mai motar kansa shi ke zaɓen inda zai je, don haka abin da ya riga ya sani yake zuwa nema; fasinja kuwa hanyar jama'a yake bi, tana kai shi inda bai yi niyya ba. Na biyu, wanda ya fito daga mota mai sheƙi a unguwar talakawa an riga an yanke masa matsayi kafin ya yi sallama: ko jami'in gwamnati ne, ko ɗan siyasa, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, kuma amsar da za a ba shi ta dace da wannan zato. Wanda ya sauka daga babur da ƙura a rigarsa baƙo ne kawai, ana iya nuna masa gidan mai unguwa a ba shi ruwa. Na uku, tafiyar kanta bayani ce. Tsawon jira, da inda kwalta ta ƙare, da unguwar da mai keke ke ƙin shiga da damina, da yadda kuɗin hawa ya tashi tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har wasu suka koma tafiya a ƙasa, duk suna bayyana wa ke kusa da gari, wa ke nesa da shi, ko da taswira ta nuna tazararsu ɗaya.

An gwada irin wannan aiki a wani birnin Afirka an ga amfaninsa. A Nairobi ta ƙasar Kenya, ɗaliban jami'ar birnin, tare da haɗin gwiwar wasu jami'o'in Amurka, sun bi ƙananan motocin hayar da ake kira matatu ɗauke da wayoyin hannu, suna tattara hanyoyi da matsaya, har aka fitar da taswirar zirga-zirgar a 2014. Kafin nan tsarin yana cikin kawunan direbobi ne kawai. Masu wancan aiki hanya suka nema. Manazarcin Hausa zai samu hanyar, ya ƙara da abin da ya fi ta daraja a fanninsa, wato sunaye da maganganu da labaran da ke tafe a kanta.

Hanzarin da Za a Iya Kawowa

Akwai uzurori na gaskiya da bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko shi ne tsaro da lafiya. Babur na da haɗari, wasu hanyoyin bayan gari kuma ba a shigarsu da dare. Maganin wannan shi ne tsari: a yi aikin da rana, a tafi biyu-biyu, a tsaya cikin iyakar da hukumar sashe ta amince da ita, a fara gabatar da kai ga mai unguwa da shugabannin masu haya, domin da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu shi ne mutuncin waɗanda ake saurare. Ɗaukar muryar mutum a ɓoye cin amana ne, ko da niyyar ilimi ce. Abin da aka ji a mota ana iya rubuta siffarsa ta harshe ba tare da suna ko alamar mai maganar ba. Hira mai tsawo kuwa sai da izini bayyananne, musamman ga waɗanda suka gudo daga bala'i, waɗanda ba su da abin da ya rage musu sai labarinsu.

Na uku ya shafi mata. Ba kowace ɗaliba ce za ta hau babur ba, kuma ba a buƙatar ta hau. Keke mai ƙafa uku ya buɗe wata ƙofa da a da take rufe, domin a cikinsa mata ke tafiya asibiti da biki da ta'aziyya da makarantun Islamiyya. Abin da ɗaliba za ta ji a kujerar baya, tsakanin Inna da Hajiya, babu namijin da zai taɓa jin sa komai zurfin karatunsa.

Na huɗu shi ne zargin cewa wannan yawo ne aka yi wa rawani, kuma zai janye hankali daga nazarin rubutattun ayyukan magabata. Amsar ita ce, hawa mota matakin farko ne. Bayansa akwai ƙirga, da kwatanci, da komawa ga dattawa, da duba takardun tarihi don tantance abin da aka ji. Littafin Murray Last a kan daular, wanda ya fito a 1967, ya yi ƙarfi ne saboda marubucin ya zauna Sakkwato ya haɗa karatun takardu da zama gaban masana irin Waziri Junaidu. Takarda da baki ba kishiyoyi ba ne. Sunan unguwa da aka tsinta a bakin mai babur na iya warware wurin da aka ambata a wata tsohuwar wasiƙa aka kasa gane shi.

Abin da Ya Kamata a Yi

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sassan koyar da Hausa na Sakkwato, na jami'o'i da na kwalejin ilimi, suna iya raba hanyoyin birnin ga ɗaliban ajin ƙarshe, kowane rukuni ya ɗauki hanya ɗaya daga wata tsohuwar ƙofa zuwa ƙarshen gari. Rukunin Ƙofar Atiku ya nufi kudu, na Ƙofar Kware da na Ƙofar Dundaye su bi hanyoyin garuruwan da ƙofofin ke ɗauke da sunayensu, haka sauran. A kowace hanya a rubuta duk sunan matsaya yadda ake furta shi, da karin sautinsa da tsawon wasulansa, a nemi bayanin asalinsa daga baki fiye da ɗaya, a rubuta saɓanin riwaya in an samu. A tattara kalmomin sana'ar haya, da rubuce-rubucen jikin keke da mota, da salon ciniki. A maimaita bin hanyar bayan shekara biyar, domin a ga abin da ya sauya. Cikin 'yan shekaru za a samu ƙamusun sunayen wuraren Sakkwato da taswirar karinta, ayyuka biyu da za su amfani masanin tarihi da mai tsara birane da mai aikin lafiya, ba manazarcin harshe kaɗai ba. Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi duk suna iya ɗaukar tsarin, a samu abin kwatantawa.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: kada malamai su tura ɗalibai su kuma su zauna ofis. Zuwa da kai ya fi aike. Ɗalibin da ya ga shehin malaminsa ya naɗe babbar riga ya shiga keke a Dandima zai gane cewa aikin na ilimi ne. Wanda aka tura shi kaɗai zai cike takarda a ɗakin kwanansa ya kawo.

Kammalawa

Darajar Sakkwato a fagen ilimi ta samo asali ne daga malaman da suka yi yawo cikin Gobir da Zamfara da Kabi suna wa'azi da harshen da jama'a ke ji, suka rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulfulde domin wanda bai iya Larabci ba. Girmama wannan gado bai tsaya ga adana takardunsu ba. Ya haɗa da bin sawunsu zuwa inda jama'a suke. Jama'ar kuwa sun daɗe da fita ta Ƙofar Atiku da sauran ƙofofi, sun gina gari a inda a da ake noma da kiwo da yaƙi. Kowace safiya suna tsaye bakin titi suna tsayar da abin hawa, suna faɗar sunayen da babu su a littafi, da karin da ke sauyawa a bakin 'ya'yansu. Kuɗin da manazarci zai kashe ya iske su bai wuce na zuwa da dawowa ba.